Alhakin Mai Wucewa Yana Wuyan Wa?

A farkon watan Fabrairun 2024 wayoyin salula suka yi shiru a Gadarif da ke gabashin Sudan, alhali yaƙi bai iso garin ba. Dogayen turakun sadarwa suna nan tsaye inda aka kafa su, amma MTN da Sudani da Zain, kamfanoni ukun da Sudan ta dogara da su, suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ciwon yana can Khartum, tafiyar kilomita 400 da ɗoriya, inda manyan ɗakunan na'urorin kamfanonin suke, a yankunan da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka mamaye. A irin waɗannan ɗakuna ake ajiye rajistar kowane layi: lambarsa, mabuɗin sirrinsa, da abin da aka yarje masa. Turke shi kaɗai bai san kowa ba. Duk wayar da ta yi masa sallama sai ya tambayi rajista ko an san ta. In bai ji amsa ba, ba ya buɗe ƙofa, ko da mai wayar a gindinsa aka haife shi.

Garin kuwa ya cika ya batse. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 mutanen Khartum ke kwararowa, sannan a watan Disamba Wad Madani ta faɗi, waɗanda suka fake a can suka sake ɗaure kaya suka yo gabas. Makarantu suka koma masauki, iyalai da yawa a aji guda. Tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum, da ita ake sayen dawa da gawayi, ta cikinta kuma taimakon 'yan'uwan da ke aiki a Saudiyya yake isowa. Da sabis ya ɗauke sai ga malamin makaranta da ɗan kasuwa, kowanne da kuɗinsa a asusu, amma ba mai iya sayen burodi.

Littattafan fiƙihu sun san wannan mutumin tun ba a san banki ba. Shi ne ibnus sabil, ɗan hanya, ɗaya daga cikin jinsin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba rabo a zakka. Malaman Malikiyya sun warware hukuncinsa dalla-dalla: ana ba shi ko da attajiri ne a garinsu, muddin tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, guzurinsa ya yanke, kuma bai sami mai ranta masa ba. Wato shari'a ta yarda mutum na iya zama mawadaci a wani gari, mabuƙaci a wani, duk a wuni ɗaya, kuma ta ɗora nauyinsa a kan mutanen wurin da hanya ta yar da shi.

To, idan mutum ya baro inda aka san shi, bai kuma kai inda za a san shi ba, alhakinsa yana wuyan wa? Nasa, tunda shi ya tashi? Na garin da ya bari, ko na wanda ya tarar? Injiniyoyin sadarwa sun shafe shekaru suna kokawa da wannan tambaya a kan na'urori, kuma amsar da suka tsaya a kanta ta fi kusa da ta malamai fiye da ta masu rubuta dokar ƙasa.

Da aka fara kai intanet mai ƙarfi gidaje da ofisoshi ta iska, ba tare da haƙa rami an binne waya ba, an gina tsarin ne a kan zaton cewa mai amfani da shi ba ya motsi. Ma'aikaci zai hau rufi ya kafa bututun ƙarfe, ya ɗora 'yar eriya a kai, yana juya ta hagu da dama, abokin aikinsa a ƙasa yana duban kwamfuta yana cewa ƙara kaɗan, dawo, tsaya nan. Sai a ɗaure noti. Daga ranar eriyar ta san turke ɗaya, turken ya san ta, shi ke nan. Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2004 mai lamba 802.16, wadda kasuwa ta sani da sunan WiMAX, haka take. Wanda ya kwance eriyarsa ya koma wata unguwa, sabon baƙo ne: na'urar za ta laluba tasha, ta daidaita lokacinta da na sabon turke, ta gabatar da shaidarta, a yi mata rajista, a ba ta sabon adireshi. Duk abin da take cikin yi kafin ta tashi ya yanke.

Mutane kuwa ba su zauna ba. Na'urori suka ƙanƙance suka shige jaka, sannan aljihu. A watan Disamban 2005 aka amince da gyaran da ake kira 802.16e, wanda ya shigar da tafiya cikin tsarin da aka gina domin zama, kuma a 2006 Koriya ta Kudu ta buɗe irinsa ga jama'a da sunan WiBro. Daga baya LTE ta cinye kasuwar WiMAX, amma dabarar miƙa layi daga turke zuwa turke iri ɗaya ce a asalinta. Mutanen Kano da suka riƙe wayar Starcomms a farkon shekarun 2000 za su tuna wani abu mai kama da wannan: waya ce ta iska, tana aiki a cikin gari, amma ba a tafiya da ita wata jiha. Dalilin ba gazawar ƙarfe ba ne. Kamfanonin GSM sun biya dala miliyan 285 kowanne a gwanjon lasisi na 2001, aka ba su shekara biyar su kaɗai a fagen wayar tafi-da-gidanka, sai a 2006 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lasisin bai-ɗaya. Takarda ce ta ɗaure wayar a gari, takarda ce kuma ta kwance ta.

Yadda ake miƙa layin ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau. Turken da ke riƙe da na'ura shi ne yake sanar da ita sunayen maƙwabtansa da tashoshinsu, tun ba ta buƙace su ba. Idan ta ji muryarsa ta fara dushewa, sai ta nemi ya ba ta ɗan taƙi ta saurari maƙwabtan, shi kuma ya adana mata saƙonnin da suka iso a wannan taƙin don kada su zube. Ba a yarda ta yi tsalle da zarar wani turke ya ɗan fi ƙarfi ba. Sai fifikon ya kai wani gwargwado, ya kuma ɗore na ɗan lokaci, in ba haka ba wadda ke kan iyaka za ta wuni tana kai da komo, hidima ta lalace. Idan an yanke shawara, tsohon turke ne yake tuntuɓar sabon ta bayan fage, ya miƙa masa bayanan na'urar, domin kada a sa ta maimaita gabatar da kanta tun daga farko. Bayan ta tafi ma ba ya share sunanta nan take. Akwai ƙayyadadden lokacin da yake riƙe mata gurbinta, ko tafiyar za ta ƙi ta dawo. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan tsari an hana gida saurin barin wanda ya bar shi.

Sai kuma abin da ya fi duka nauyi. Tun shekarun 1980 masu tsara wayar salula suka yarda cewa katse maganar da ake cikin yi ya fi muni a kan hana sabuwa farawa, don haka turke kan ware wani kaso na ƙarfinsa ya ajiye domin masu shigowa daga maƙwabta, ko da na gida suna layi. Idan kuma magana ta katse a tsakanin turaku biyu, a littafin kamfani ake rubuta gazawar. Hukumomin sadarwa suna auna yawan kiran da ke yankewa, kuma a 2012 NCC ta ci tarar manyan kamfanonin Najeriya huɗu sama da naira biliyan ɗaya saboda rashin ingancin hidima. Ba a taɓa jin an ɗora laifin yankewar kira a kan mai waya don ya shiga mota yana magana ba.

Kada a kai kwatancen inda bai kai ba. Kamfani yana tarairayar mai wucewa ne domin ya biya, kuma wanda kuɗinsa ya ƙare ba turken da ke saurarensa. Haƙƙin ɗan hanya a shari'a ba saye ake yi ba. Duk da haka, tsarin da riba kawai ta gina ya gano cewa motsi ba laifi ba ne, kuma aikin haɗa tsakani yana kan waɗanda ke zaune.

A zaurukan karatu daga Sakkwato har Sannar, inda ake biya Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halil, babin sallar matafiyi yana cikin waɗanda ɗalibi ke fara sha'awa, domin lissafi ne a fili. Tafiyar da ta kai mil 48, abin da ake ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai, ana yin kasaru a cikinta: Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a bibbiyu, daga lokacin da mutum ya wuce gidajen gari da lambunan da ke haɗe da su. Idan ya sauka wani wuri ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sallah ashirin ke nan, hukuncin tafiya ya yanke, ya koma cikawa. Hanafawa sun kai iyakar kwana 15. Wanda kuwa bai ƙulla niyyar zama ba, kullum yana sa ran gobe zai wuce, yana nan a matafiyinsa komai daɗewa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi wata shida a Azarbaijan yana kasaru, ƙanƙara ta rufe hanya.

A ɗauki matar da ta taso daga Wad Madani, tafiyar da ta haura kilomita 200, ta sauka a wani aji a Gadarif da 'ya'yanta. A makon farko kunnenta yana kan labarai, kayanta a ƙulle. Kasaru za ta yi ko cikawa? Malami zai tambaye ta abu guda: me ke ranki, kuma me kika sani bisa al'ada game da zamanki? Idan ta san ba ta barin nan kafin kwana huɗu, ta zama mazauniya. Ba za a nemi ta kawo shaidu ba, ba za a tambayi asalin kakanta ba. Da kalmar bakinta da abin da zuciyarta ta ƙulla hukuncin ya sauya.

Malikiyya ma sun raba matakin gida uku. Akwai matafiyi, akwai mazauni na ɗan lokaci wanda Juma'a ta wajaba a kansa amma ba a ƙirga shi cikin mutum 12 da take ƙulluwa da su, akwai kuma wanda ya riƙi gari wurin zama na dindindin. Abin da ke kai mutum mataki na uku shi ne niyyar dawwama, ba tsawon nasaba ba. Har sun ce Juma'a tana inganta a ƙauyen bukkoki, ba ta inganta a zangon tantuna, domin bukka alamar zama ce. Duk wanda ya ga unguwannin Gadarif da bukkokinsu na ciyawa masu tsinin kai, waɗanda 'yan ƙasar ke kira guttiyya, ya san wannan hukunci ba zancen takarda ba ne a can.

Akwai kuma hadisin Nana A'isha da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari, wanda ma'anarsa ita ce an fara farlanta sallah raka'a bibbiyu, sai aka bar ta tafiya yadda take, aka ƙara a ta zaman gida. Injiniyoyi sun fara da mazauni, suka liƙa matafiyi daga baya a matsayin gyara. A wannan ruwaya kuwa sallar matafiyi ce ta riga, ta mazauni ce ƙari. Addinin da kalandarsa ta fara da hijira bai taɓa ɗaukar mai ƙaura a matsayin ɓaraka a cikin tsari ba.

Ba al'ummar da wannan magana ta shafa kamar Hausawan Sudan. Ɗaruruwan shekaru alhazai suka yi suna ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙasa, su haye Nilu, su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzurin zango na gaba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, layin dogo ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, sannan aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, hannun da aka fi nema shi ne na waɗannan mutanen yamma, waɗanda ake kira Fallata ko Takari. Sun yi shema, sun yanki riɗi da dawa a baƙar laka mai tsagewa da rani, sun yi su da lambu a bakin kogunan yankin, sun buɗe makarantun allo, sun binne iyayensu a can.

Masanin al'umma C. Bawa Yamba ya fitar da littafi a 1995 a kan waɗanda ya zauna da su a yankin Jazira. Ya tarar da mutanen da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, suna kiran kansu alhazai da ke kan hanyar Makka. Wasu na ganin wannan ruɗin kai ne. Ba haka ba ne. Mutumin da ya ce yana kan hanya alhali yana cika sallarsa, yana azuminsa, yana tsayar da Juma'a a garinsu, ya san sarai cewa a hukunci mazauni ne. Abin da yake faɗa game da zuciyarsa ne, irin horon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa ɗan Umar cewa ya riƙi duniya riƙon baƙo. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Zalunci ne a ɗauki maganar tawali'u da bawa ya yi wa Allah a mai da ita hujjar hana shi gona.

Dokar ƙasa ta bi wata hanyar dabam. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamban 1897. Duk wanda ya iso bayan Burmi ya faɗo a waje da sama da shekara biyar. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, ranar samun 'yancin kai, abin da ya shigar da mafi yawansu a takarda. Amma abin da aka daɗe ana faɗa a kasuwa ba ya gogewa da sa hannun majalisa. A ƙasar da ake danganta kowane yanki da wata ƙabila a ce darinta ne, wato ƙasar gadonta, mai shekara ɗari a wuri yana iya kwana da sunan baƙo. Fiƙihu ya ba shi zama cikin kwana huɗu, al'adar siyasa ta kasa ba shi cikin ƙarni guda.

Masu ƙasa suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ƙasa ba ta ƙaruwa. Turke ma idan ya cika yana ƙin karɓa. Ƙabilar da kakanninta suka sare daji tana tsoron ranar da za a fi ta yawa a gonarta, kuma ba a amsa tsoro da wa'azi kawai. Sai dai a Gadarif an san abin da ya cinye ƙasar, kuma ba alhazai ba ne. Bayan kafa hukumar noman tarakta a 1968, da dokar 1970 da ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, aka riƙa yanka gonaki masu faddan dubu ko fiye ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Makiyaya irin su Shukriyya da Lahawiyyin da Fulani, waɗanda ke hawa filin Buɗana da damina su gangaro kudu da rani, suka wayi gari hanyoyin dabbobinsu sun tsuke. Manomin Katsina ya san burtali: wani zirin ƙasa ne da mazauna ke haƙura da shi domin wanda ba ya nan yau amma zai wuce gobe, kuma ranar da aka nome shi ranar aka shuka faɗa. Kason da turke ke ajiye wa mai shigowa burtali ne. Inda aka cinye shi, talakan da ke zaune da talakan da ke tafe ne suke kama wuyan juna, mai tarakta yana birni.

Gadarif ta nuna tana iya karɓa. A watan Nuwamban 2020, da yaƙi ya tashi a Tigray, dubban 'yan Habasha suka tsallako, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba wanda ya taɓa ɗaukar masu gudun yunwar shekarun 1980. A yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 kuma gidaje sun sauki dangi da waɗanda ba dangi ba, matasa sun kafa tukwanen sadaka da ake kira takiyya. Ba wanda ya tambayi ɗan Khartum shekarar da kakansa ya zo kafin a zuba masa wake.

Amma a watan Yulin 2022, kafin babban yaƙin, rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce sarauta ta masu ƙasa ce. Sama da mutum 100 suka mutu a Rusairis da kewayenta, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Port Sudan da Khartum, sannan a watan Oktoba aka sake zubar da jini mai yawa a Wad al-Mahi. Dubbai suka tsere zuwa Sannar da Farin Nilu da Jazira. Mutanen Wad Madani da suka fake a Gadarif sun fara komawa bayan sojoji sun karɓe garin ranar 11 ga Janairun 2025, kuma duk ɓarnar da suka tarar, ba wanda ya yi musun cewa garinsu ne. Waɗanda suka gudu daga Wad al-Mahi sun baro wurin da ake jayayya ko sun taɓa zama 'yan gari a cikinsa, kuma ba wani gida da ke jiransu a Kano ko Sakkwato, domin da yawansu kakannin kakanninsu ne suka fito daga can.